Jinyar Gwiwa a Hannun 'Yar Maɗori

Da na farfaɗo daga allurar barci a asibitin nan na Delhi, ban nemi ruwa ba, ban nemi ɗana Nasiru ba, gwiwata ta dama na fara lalubawa. Na ji ta a naɗe, ta yi nauyi, sai ka ce ta wani aka ara mini. Likita ya riga ya nuna mini abin da zai saka: ƙarfe sama, ƙarfe ƙasa, roba a tsakani. Ni kuwa tambaya ɗaya na yi masa tun ranar farko, ita ce kuma ta ɗauko ni daga Kabo: zan iya kai goshina ƙasa? Shekaru ke nan ina salla a kan kujera, ina sunkuyar da kai ina kallon tabarma daga nesa. Na san Allah Ya yi rangwame, da bakina na sha koya wa yara haka lokacin da nake koyarwa a firamare, amma duk da haka raina bai taɓa kwanciya ba. Likitan ya ce ba ya yin alkawari, wasu suna kaiwa, wasu ba sa kaiwa, kuma rabin aikin nasa ne, rabin nawa. Na riƙe inda ya ce wasu suna kaiwa, na watsar da sauran.

A gefen gadon Yaya Abu ce zaune, ta ɗaure fuska tamau. Ita ce babbar yayata, ita ta goya ni bayan rasuwar Innarmu, kuma ga ni da jikoki amma in ta ce zauna, zama nake yi. A Getso take, a gidanmu na gado. Babanmu maɗori ne, daga ƙauyuka masu nisa ake kawo masa waɗanda suka faɗo daga bishiya ko saniya ta taka. Yaya ce take riƙe masa ƙafar mai karaya, ita take feƙe karare, ita take jiƙa tsumma a ruwan zafi. Da aka fara maganar wanda zai yi jinyata, ba ta bari an yi shawara ba. Cewa ta yi ba za a yanka mata ƙanwa a wata ƙasa tana zaune a Getso tana jiran waya ba.

Washegarin aikin ma'aikatan jinya suka shigo da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu, suka ce in tashi in taka. Na ɗauka wasa suke yi. Suka kama ni suka miƙar, ɗakin ya juya mini, na yi taku kaɗan ina salati, gumi yana zuba. Yaya ta miƙe tsaye tana tambayar Nasiru ko mutanen nan suna da hankali. Ya yi mata bayani cewa haka ake yi yanzu, in an kwanta jini yana iya daskarewa a ƙafar. Ta koma ta zauna ba ta ƙara cewa komai ba. Na san wannan shirun nata, ba na yarda ba ne, jira take yi mu fita daga gidan mutane.

Ana sallamarmu hutun Nasiru ya ƙare, dole ya koma wurin aikinsa a Abuja. Ya damƙa mu a hannun wani Sabo, Bahaushe ne da ya zo karatu ya zarce da dillancin marasa lafiya, shi ya haɗa mu da asibitin tun muna gida. Baki gare shi kamar zuma, ba ya rufe magana sai ya kira ni ko Yaya da Mama. Ɗakin da ya nuna wa Nasiru a waya a ƙasa yake. Wanda ya kai mu a hawa na uku yake, na'urar hawa bene kuma ta mutu, ya ce gobe za a gyara. Ƙarti biyu suka ɗora ni a kujerar roba suka hau da ni, ina riƙe da wuyan rigar ɗaya ina kallon matakala tana nisa. Da suka dire ni a kan gado na tabbata ba zan sauko da kaina ba.

Asibiti sun haɗa ni da mai gashin ƙashi wadda za ta riƙa zuwa gida. Wata siririyar mata ce, a babur take zuwa, ba ta da yawan fara'a. Tana da abin awo irin wanda yara suke auna kwana da shi a darasin lissafi, sai ta ɗora shi a gefen gwiwata ta duba. Bayan nan ta kama dunduniyata ta tura ta wajen cinya, a hankali, ba ta tsayawa. Na haihu sau bakwai ba a ji muryata a tsakar gida ba, amma a hannun matar nan na yi kuka har da majina. Ranar farko Yaya ta juya wa gadon baya. Rana ta biyu ta fita baranda. Zuwa na uku ta kama wuyan hannun matar ta cire shi daga jikina.

“Gaya mata ta isa haka,” in ji ta.

Na ce, “Yaya, haka aikin yake.”

“Aikin wa? Dije, a gaban idona Baba ya ɗora ƙafafun da ba sa ƙirguwa. Kin taɓa ganin ya murɗa ɗanyen ƙashi? Sai ya yi kwana arba'in a ɗaure kafin mutum ya dafa sanda. Waɗannan so suke ki lalace ki sake biya.”

Matar ta yi ta bayani da Turanci, ina mayar wa Yaya da Hausa: naman ciki yana warkewa ne yana ƙanƙancewa, in ba a motsa shi yanzu ba, zai riƙe a inda aka bar shi. Yaya ta ce ita ma ta san nama, ta buɗe mata ƙofa. Ina da bakin da zan ce a'a, ban ce ba. Kunyar Yaya tana ciki, amma har ga Allah daɗi na ji. Abin da jikina yake roƙo shi ta faɗa, ta kuma faɗe shi da sunan Baba.

Da Sabo ya ji labari bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ce Mama ta yi daidai, waccan matar dama an san ta da mugunta, zai kawo ƙwararriya. Ya kawo wata mai jiki, mai dariya, da kwalbar mai mai ƙamshi. Ta shafa mini daga cinya zuwa ƙauri, ta yi ta gyaɗa kai tana yabon ƙafar, ba ta taɓa lanƙwasa ta ba. Yaya ta ce yanzu ta ga mai aiki. Daga nan jinya ta koma irin ta gidanmu. Aka tusa mini matashi a ƙarƙashin gwiwa, aka naɗe ta da zani, safe da yamma ana gasa gefenta da tsumma da ruwan zafi. Jakar ƙanƙarar da asibiti suka ba mu don kumburi, Yaya ta mayar da ita abin sanyaya ruwan sha. Ko banɗaki ba ta bari in taka, fo take kawo mini, ta fitar, ta wanke, tsohuwa mai furfura. Duk lokacin da Nasiru ya kira sai in ce masa da sauƙi, kuma ba ƙarya nake yi ba, don zafin ya ragu ƙwarai.

Ranar komawa asibiti ta zo, Sabo ya ce likita ya yi tafiya, kuma bai ga dalilin wahalar da ni a matakala ba. Ya kawo wani ya cire ɗinkin a ɗaki. Muka ci gaba da zama. Tagar ɗakin bango take kallo, sai tantabaru da ƙarar ham ɗin motoci da ba ya ƙarewa. Kiran salla in iska ta ga dama take kawo shi, daga can nesa, sau da yawa sai mun duba waya. Abincinsu ya gagare mu, yajinsu daban da namu, kullum cikina a ɗaure. Allah Ya sa Yaya ta ƙullo kuka da daddawa da garin dawa a cikin kayanta. Ranar da ta fara kaɗa miya, maƙwabta suka yi ta buga ƙofa suna toshe hanci, har da wata tsohuwa, uwar mai gidan, wadda ta daɗe tana faɗa da yarensu. Yaya ta tsaya ta saurare ta tsaf, sannan ta ce mata ita ma nata girkin ba turare ba ne. Da yamma sai ta zauna tana lissafa abin da ake yi a Getso: yanzu an gama noman farko, yanzu wakenta ya fara yaɗo, ko wa yake ba awakinta dusa. Ni kuma in rufe ido in ga inuwar darbejiyar ƙofar gidana a Kabo, in ji kamar in yi fiffike.

Wata safiya Yaya tana wanka, na ce bari in zauna a bakin gado in sauke ƙafafuna. Ta hagu ta sauka. Ta dama ta tsaya a sama, ta ɗan karkata kaɗan ta ƙi gaba, kamar muciya. Na sa hannu biyu na danna, na ji wani abu ya ja ni daga ciki ya riƙe. Ba zafi ne ya firgita ni ba, ƙin motsin ne. Kafin aikin, duk da ciwo, gwiwar tana lanƙwasuwa fiye da haka. Na koma na kwanta na ja mayafi. Na tuna gonar da Nasiru ya sayar don biyan kuɗin aikin nan, na tuna mutanen da suka zo mini sallama da addu'a. In na koma da ƙafa a miƙe, ba sujada kaɗai na rasa ba, ko zaman kujerar sai ya gagare ni. Na gaya wa Yaya, ta ce ƙashi ne yake kamawa, in gode wa Allah. Na kira Sabo, ya ce Mama kar ta sa damuwa, haka kowa yake yi.

Tsohuwar nan mai faɗa a kan daddawa ce ta cece ni. Ban san abin da ya sauko da ita ba, wata rana sai ga ta da shayi mai madara da 'yar gurasarsu a faranti. Ta ajiye, idonta ya sauka a kan ƙafata a naɗe bisa matashi. Ta yaye zanin ba tare da neman izini ba, ta kalli tabon, ta yi mini alama in lanƙwasa. Na gwada ta gani. Sai ta tattare tufafinta zuwa cinya, ga dogon tabo irin nawa a kowace gwiwa, sun tsufa sun yi fari. Ta dafa gado ta zauna a ƙasa ta naɗe ƙafafunta, ta sake dafawa ta miƙe. Ta nuna ƙafata, ta nuna matashin, ta girgiza kai tana magana da zafi. Ba mu ji kalma ɗaya ba, amma Yaya ba ta mayar mata da martani ba a wannan karon. Kafin azahar tsohuwar ta sa ɗanta ya samo masu ɗauka, ya sa mu a motarsa sai asibiti. Mun kira Sabo a hanya, wayarsa a kashe.

Likita bai je ko'ina ba. Ya ce sun yi ta neman mu a lambar da aka ba su, wato ta Sabo, ana ce musu mun koma gida. Mai shafa mai kuwa bai taɓa jin labarinta ba. Ya sa abin awo a gwiwata, ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce akwai sauran lokaci amma ba yawa. In har kafin bizarmu ta ƙare gwiwar ba ta lanƙwasu yadda zan zauna a kujera tafin ƙafata a ƙasa ba, sai sun sake sa ni barci su lanƙwasa ta da ƙarfi, kuma ga mai shekaruna ƙashi yana iya tsagewa a wurin. Na mayar wa Yaya duk abin da ya faɗa.

Ta ce in tambaye shi, ashe ba sai an bar ƙashi ya kama ba? Na tambaya. Bai yi fushi ba. Ya juyo da hoton ƙafar ya nuna mata da alƙalami, ya ce a karaya gaskiyarta ne, amma nan babu karaya. Ƙarfe ne, kuma tun a ɗakin tiyata aka like shi ya kama. Abin da yake rufewa nama ne. Yaya ta matso ta ƙura wa hoton ido, ta daɗe, har ta kai yatsa ta bi gefen ƙarfen.

Asibitin suka taimaka muka sami ɗaki a ƙasa, kusa da su. Sabo ba mu sake sa shi a ido ba, ya tafi da kuɗin da aka ba shi na sauran kwanakin. Nasiru ya so ya taso, na hana shi. Siririyar matar nan ta dawo a babur ɗinta. Ina fargabar yadda za su haɗu, sai na ga Yaya ta tashi ta ba ta kujera, ta gaishe ta gaisuwa cikakkiya, har da tambayar mutanen gida. Sannan ta ce in gaya mata ta yi haƙuri, kuma ta nuna mata inda ake sa hannu. Matar ta ɗora hannun Yaya ɗaya a cinyata, ɗaya a ƙauri, ta nuna mata yadda ake turawa da inda ake tsayawa a riƙe. Sau ɗaya aka nuna mata.

Na gwammace hannun baƙuwar sau dubu. Ita tana zuwa ta tafi, Yaya kuwa tana nan, bayan asuba, bayan azahar, bayan la'asar. Hannunta ya saba riƙe ƙarti ana ja musu ƙafa, nawa ba komai ba ne a wurinta. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, na kira sunan Inna. Wata rana da azaba ta kai mini karo na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce ita ta jawo mini wannan, yanzu kuma za ta ƙarasa ni.

“Faɗi duk abin da ke bakinki, Dije,” in ji ta. “Ba zan saki ba.”

Ba ta saki ba kuwa. In ta gama sai ta ɗora mini ƙanƙara, ta shiga banɗaki ta buɗe famfo ta daɗe, ta fito idonta jajur ta ce sabulu ne. Duk ranar awo ba na iya karyawa. Wata rana a ce an ƙaru kaɗan, wata rana a ce yana nan inda yake, wata rana kumburi ya mayar da mu baya. Ina kallon ranar bizar tana matsowa, ina mafarkin ana danne ni ana jin ƙarar ƙashi. Yaya ta daina zancen wake da awaki, ta rame har zobenta yana zamewa.

A ganinmu na ƙarshe da likita na shiga ofishinsa da sanda, na zauna a kujera, tafin ƙafata ya taɓa ƙasa. Ya auna, ya ce alhamdu lillahi da irin lafazinsa, don ya ji muna faɗa. Ba sai an sake sa ni barci ba. Zan yi tafiya, zan hau matakala, zan shiga mota. Na bari ya gama, sannan na sake yi masa tambayata ta ranar farko. Ya ce ba zai ɓoye mini ba: in an ci gaba da dannawa zan iya ƙara kaɗan a cikin shekara, amma durƙusawa har ƙasa, da naɗe ƙafa a zauna a kanta, ba ya jin wannan gwiwar za ta kai. Ya ce ba zai rantse makonnin da aka rasa ne suka jawo ba, don akwai waɗanda suka yi komai daidai ba su kai ba, sai dai makonnin ba su taimaka ba.

Yaya tana kallon bakinsa, tana kallon nawa. Ta ce, “Me ya ce?”

Na ce, “Ya ce an yi nasara. Ya ce a ci gaba da dannawa.”

Ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta share fuska da bakin mayafinta.

Mun dawo an fara girbin gero. Gidana ya cika da 'yan sannu da zuwa, kowa yana son ya ga na taka, ina takawa suna kabbara. Ciwon da ya hana ni barci shekara da shekaru ya tafi, ina zuwa gidan suna da gidan gaisuwa da ƙafata, ba zan yi wa Allah butulci ba. Kujerata dai tana nan a inda take, a kanta nake salla. Wani lokaci in na sallame sai in zauna ina kallon ƙasa, hawaye ya zo, in bar shi ya zuba.

Duk ranar Alhamis Yaya takan shiga mota daga Getso zuwa Gwarzo, ta sake wata zuwa Kabo. Ko ruwa ba ta sha sai ta danna ƙafar, sannan ta auna tsakanin dunduniya da cinya da yatsunta, ta ce an ƙaru. Ni na san tun watannin baya gwiwar ta tsaya. Ta gaya wa duk mutanen gidanmu cewa kafin azumi Dije za ta yi sujada. Nasiru, wanda shi kaɗai na faɗa wa gaskiya, ya ce in gaya mata ta huta, tsohuwa ce, hanyar tana ba ta wahala. Na sha shirya maganar a bakina, in na ga ta shigo tana haki sai in kasa.

Alhamis ɗin da ta wuce ta zo da ƙunshi a hammata. Darduma ce sabuwa, ta kai wa mai katifa ya farke ta ya cusa auduga daidai inda gwiwa take sauka, ya sake ɗinkewa. Ta shimfiɗa ta a gaban kujerata, ta danna wurin da tafin hannu don in ga laushinsa.

“Ki ajiye ta kusa,” in ji ta. “Kin kusa fara amfani da ita.”

Na karɓa da hannu biyu, na yi mata godiya. Sannan na kwanta na miƙa mata ƙafar.